Tsohuwar da ke cin tsire a Katako

"Lafiya lau, sai wadda ka hana ni," in ji Hajiya Hamsatu, tun jikanta Zailani bai gama durƙusawa ba.

Tun safe take cika tana batsewa. Maƙwabciyarta Jummai ce ta shigo da wayarta portabul a hannu, tana dariya har da riƙe ciki, ta nuna mata hoton da ke yawo a unguwarsu ta Talladjé: wata tsohuwa a rakuɓe bayan tarin itace a kasuwar Katako, tsinken tsire a baki, ido a lumshe, mai yana bin haɓa. A ƙasa ga sunan wanda ya ɗauka. Zailani ne, wanda ba shi da aiki sai rataya kyamara a wuya, yana ɗaukar mutanen da ba su san shi ba, babu sallama.

Ba dariyar Jummai ce ta dame ta ba. Likita ya hana ta jan nama saboda tansiyo, wato hawan jini. 'Yarta Hafsat kuwa, uwar Zailani, ta rantse in ta sake kama ta, za ta kwashe ta ta kai ta gidanta, inda ko ƙofa ba a leƙawa sai da rakiya.

"Ni baƙi kaɗai nake ɗauka, amarya," in ji Zailani, yana gyara zama a tabarma. "Wannan matar ban san ta ba. Kakata kunu take sha. Haƙoranta ma sun yi ritaya."

"Haƙorana sun girmi ubanka, kuma suna aiki, ba kamar kai ba. Mijin kirki in ya ga matarsa tana cin tsire, biya yake yi ya ƙaro. Kai ka laɓe bayan amalanke kamar ɓarawon kaji."

Ya ce shi ma ya fasa auren, tunda ta iya zuwa zance wurin mahauci da rana tsaka. Ta ce mahaucin ko banza yana da wuta da wuƙa, shi kuwa da wannan wuyan nasa, wata rana igiyar kyamara za ta tsinke shi gida biyu. Ya ce a dā ba wanda ya san da ita sai awakinta, yanzu har Damagaram ana tambayarta. Ta jawo takalmi ta jefe shi, ya kauce, takalmin ya sami buta.

Nan ta gaji da wasan. Ta faɗa masa rantsuwar uwarsa, ta kuma tambaye shi, duk mutanen nan da yake ɗauka, ya san abin da kowa ya ɓuya yana yi? Ya san wa ke jiransu a gida?

Zailani ya ajiye kyamarar a tabarma. Ya ce gaskiya sai da ya danna ya gane ita ce, kuma bai taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba, shi ya sa ya kasa riƙewa. Ya ciro portabul zai cire shi daga shafinsa, ya ce amma waɗanda suka riga suka kwafa, ba yadda zai yi da su.

Ta fizge wayar kafin ya goge. Da safe haushi bai bar ta ta duba da kyau ba. Ta nisantar da ita daga ido, ta daɗe tana kallo. Rabon da ta ga fuskarta a sake haka, tun mijinta Alhaji yana da rai. Dariya ta kufce mata ba shiri.

"Ɗan banza. Amma ɗaurin kallabin ya zauna."

Ta sa ya goge a gabanta, ya yi alkawarin wanke mata guda ɗaya, ƙarami. Sannan ta turo masa kwanon dambu da ƙafa.

"Ci, kada iska ta ɗauke ka a hanya. In ka gama ka tada moto ka goya ni zuwa wurin uwarka, gara Hafsat ta ji daga bakina. Kai za ka fara shiga, ta sauke rabin faɗan a kanka."