Zanen da Ya Sha Man Kujera

Damina guda na kwashe ina zana gonar dawarmu da fentin ruwa, saboda gasar zane a birni. Ana gobe tafiya, sai na ga zanen ba ya ƙyalli. Na karɓo man goge kujeru wurin Malam Sani kafinta.

"Anya kuwa, Malam?" in ji shi.

Na ce, "Kai dai tsaya a katakonka."

Alƙaliyar gasar ta shinshina takardar, ta girgiza kai. "Kaico! Ya fi na kowa kyau, amma ba ma karɓar wanda aka shafa wa mai."

Haka na dawo da abina a hammata. Har yau in na wuce shagonsa, sai Malam Sani ya ɗaga gwangwanin: "Ranka ya daɗe, a ƙara shafawa?"