Ranar da Na Shafe Bangon Baba Ummaru

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Laraba ce, na sha babbar riga mai sitaci na tsaya gaban baƙi ina washe baki ina jiran yabo, alhali tun jiyanta na riga na tafka ɓarnar da har yau in na tuna sai na runtse ido.

Ni mataimakin shugabar wata firamare ne a Gawon Nama, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da son tsari. Ni ne mai bi aji-aji ina daidaita benci, ni ne mai tsintar leda a fili ina faɗa ni kaɗai. Ina da wani hali kuma (matata ta fi kowa iya ba da labarinsa): ba na barin mutum ya kai ƙarshen magana. Da na ji rabi sai in ce na gane.

Makarantarmu tana da dogon bango da ke kallon titi. Akwai wani dattijo a unguwar, Baba Ummaru, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zane a jikin manyan motoci da allunan shaguna, har injin buga allunan talla na leda ya zo ya kwashe masa aikin kaf. Da zaman banza ya ishe shi sai ya roƙi shugabarmu, Hajiya Asabe, ta bar shi ya riƙa zane a bangon nan da ragowar fentin da ke cikin gwangwanayensa. Shekara da shekaru yana yi, yau raƙumi, wani watan rumbu, wata shekarar gulbi da kwalekwale. Ni dai ban taɓa tsayawa na duba ba. Na taɓa zuwa wata bita a Kaduna inda aka zaga da mu wani ɗakin hotuna mai farin bango, kowane hoto cikin gilashi, to tun daga ranar na naɗa kaina masanin zane. A wurina aikin Baba Ummaru zanen bayan mota ne kawai da ya ɓata mana bango.

Ranar Litinin Hajiya ta kira ni daga Birnin Kebbi, inda ta je zaman jegon 'yarta.

"Malam, akwai wata ƙungiya da ka tallaha ma masu zane, za su taho makaranta ran Laraba. Ka nemi Baba Ummaru, don bangon nan..."

"Hajiya, na gane!" na ce. "Ki bar komi hannuna, ki ji da jikanki."

Na kashe waya ina jin kaina. Abin da na hana ta faɗa shi ne wannan: ƙungiyar, wadda ofishinta ke Sama Road, za ta zaɓi masu zane uku a cikin gari, ta ba su kayan aiki da alawus na shekara guda, su ƙawata wasu bangaye kuma su koya wa matasa. 'Yar Baba Ummaru ce ta ɗauki hoton bangonmu da waya ta tura musu. Motocin da ya zana duk sun daɗe da komawa wurin 'yan gwangwan, allunan kuma an sauke. Bangon nan shi kaɗai ya rage masa a duniya da zai nuna ya ce aikina ne.

Ni kuwa abin da na gane daban. Kowa ya san yadda muke tarbar manyan baƙi: a share fili, a jera duwatsu, a shafa farar ƙasa a gindin kowace bishiya. To baƙi masu sanin zane za su zo, Hajiya ta ambaci bango, ta ambaci mai fenti. Ai magana ta fito, so take a shafe abin kunyar nan kafin su gani. Na ma aika a kira Baba Ummaru don in ba shi kwangilar shafewar (Allah ya rufa mini asiri, ya tafi ta'aziyya Kware, sai Laraba da safe zai dawo). Sai na ɗauko lebura biyu ranar Talata.

Ɗayansu ya tsoma burushi ya tsaya yana kallona. "Malam, har da raƙuman ga?"

"Har da su."

"Wagga gona hwa? Ta yi kyau, wallahi."

"Kai, aiki anka kira ka ko shawara?"

Kafin la'asar bango ya yi fari fat. Mai shayin da ke tsallaken titi ya riƙe haɓa yana kallona, na ɗauka burge shi na yi, har na ɗaga masa hannu. Daga nan na shiga harhaɗa abin da ni na sani da suna zane. Na cire hoton wani ruwa mai gangarowa daga dutse da ke falona, na aro wasu biyu masu furanni a gidan ƙanwata, na jera su a ofishin malamai.

Laraba da hantsi motar baƙi ta tsaya. Shugabarsu, Malama Hadiza, ta fito da waya a hannu, maza biyu na biye da ita, ɗaya da kyamara a wuya. Na fara jawabin maraba da na kwana biyu ina haddacewa, amma na lura ba ni take kallo ba. Ta dubi wayarta, ta dubi bango, ta sake duban wayar.

"Malam, ko mun yi ɓatan kai ne? Wannan ce makarantar mai bango?"

Nan fa na gyara tsayuwa, na daki ƙirji.

"Ita ce, ranki ya daɗe. Jiya-jiyan ga na sa anka gyara shi saboda ku. Da kun gane shi da, da kun yi muna dariya. Wasu tarkacen zanen bayan mota na wani tsoho yac cika muna shi da su. Zanen gaske na ciki, bismillah ku shigo."

Babu wanda ya motsa. Mai kyamara ya sauke kai. Na ga duk idanunsu sun tsallake kafaɗata, sai na waiga. Baba Ummaru ne tsaye a bayana, saukarsa ke nan daga babur ɗin kabu-kabu, ya sa rigarsa ta Juma'a da hula sabuwa. Ya ji komai, har da "wani tsoho".

Malama Hadiza ta juyo mini da fuskar wayar. Raƙuma ne, da rumbuna, da gulbi shuɗi.

"Wannan muka zo gani," ta ce.

Jama'a, na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Gumi ya tsatso mini har cikin hula. Na so Baba Ummaru ya zage ni, da na samu sauƙi. Bai ko dube ni ba. Ya taka a hankali ya ɗora tafin hannunsa a kan farin bangon, ya daɗe a haka.

Malama Hadiza ta matsa kusa da shi ta sassauta murya. Ta ce ƙa'idarsu ba sa zaɓen mutum da hoton waya kaɗai, sai sun ga aikin da idonsu, kuma gobe kwamitinsu zai yanke hukunci. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai. Wato da burushi biyu da yini ɗaya na raba dattijon nan da damar da wataƙila ba zai sake samu ba.

Sai ya ɗago hannunsa ya dubi tafin, ya murza yatsunsa.

"Malam," ya ce, "mi anka shahwa nan? Hwenti ko hwarak ƙasa?"

"Hwarak ƙasa ta, Baba," na ce da ƙyar. (Na so sayen fenti, tsadarsa ce ta kore ni.)

"A ba ni buta."

Mai shayi ya tsallako da gudu da buta. Baba Ummaru ya zuba ruwa, ya sa gefen rigarsa ta Juma'a ya goga. Wani shuɗi ya leƙo, mai haske kamar yau aka shafa shi.

"Hwentin mai na nis sa, ba ta kama shi," ya ce. "Allah shi yi ma rowakka albarka, Malam. Da ka kashe kuɗɗi da ka kashe ni."

Aka kwashe da dariya, ni kuma na ji hawaye na neman zubo mini. Kafin a jima wuri ya cika. Mai shayi ya kawo bokiti, 'yan garuwa biyu suka turo kura, malamanmu mata suka fito da tsummoki. Malama Hadiza da kanta ta ɗaure gyale a ƙugu ta karɓi ɗaya. Baba Ummaru yana kai da komo yana gargaɗin kada kowa ya sa soson ƙarfe. Na tuɓe babbar riga na rataye a ƙofa, na durƙusa daga ni sai 'yar ciki, ɗalibaina suna leƙe ta taga suna ƙunshe dariya.

Ɓangaren da ya faɗo hannuna can ƙarshe ne. Ina gogawa sai ga ƙofar makarantarmu ta fito, da bishiyar dogon yaron da ke gefenta. Na ci gaba. A ƙarƙashin bishiyar sai ga wani jan babur mai madubi ɗaya, an ɗaure kujerarsa da roba. Na tsaya cak. Babur ɗina ne, wanda na sayar shekara huɗu da suka wuce, har da lanƙwasar da ke jikin salansarsa.

Baba Ummaru ya tsaya a kaina.

"Kullum kai ka riga kowa zuwa," ya ce. "Nic ce mutumin ga ya cancanci shiga bango. Ina ta jiran ka gani ka yi min magana."

Ban iya ɗago kai ba. Na ce, "Baba, ka gahwarta min."

"Goge dai, Malam, akwai saura."

Sai bayan azahar muka gama. Baƙin suka bi bangon daga farko har ƙarshe suna ɗaukar hoto, suna yi masa tambayoyi, shi kuma yana amsawa da jiƙaƙƙiyar riga. Hotunan da na jera a ofis kuwa babu wanda ya tambaya, ni ma ban tuna wa kowa ba. Ranar Juma'a aka kira 'yarsa aka ce yana cikin ukun.

Yanzu in ka bi Sama Road da safe za ka gan shi a gindin wani dogon bango da matasa biyar, yana nuna musu yadda ake riƙe burushi. Ni kuma unguwa ta raɗa mini suna Mai Farar Ƙasa, har masu kabu-kabu da shi suke kirana, kuma ina amsawa don na ci sunan. Darasin da na koya bai da yawa: duk abin da na ji hannuna na ƙaiƙayin gyarawa, sai na fara tsayawa na dube shi tukuna. Shekaru ina wuce gaisuwar da wani bawan Allah ya yi mini a jikin bango, ban amsa ba sai da na durƙusa da tsumma a hannu.