Jakar Goyon Nafi'u

Nafi'u ya shekara bakwai a Rasha yana karatun injiniya, kuma cikin duk tsarabar da ya dawo da ita Ringim babu wadda yake ji da ita kamar wata jakar goyo. Irin wadda ake ratayawa a ƙirji ce, jariri ya zauna a ciki ƙafafunsa suna reto. Cikinta gashi ne lallausa kamar na tunkiya, ga hula, ga maɗaurai har bakwai masu ƙara ƙas-ƙas, ga ɗan littafin bayani da Rashanci. Lokacin da ya sayo ta kuwa ko budurwa ba shi da ita. Shekara biyu jakar tana rataye a ƙusa tana jiran mai shiga, har Allah ya sa ya auri Barira, ta haifi namiji, aka sa masa sunan mahaifin Nafi'u, ana kiransa Baffa.

Da lokacin sanyi ya kama, Baffa yana wata uku, jakar ta yi amfani ƙwarai. Nafi'u dama tun da ya dawo bai iya zama wuri ɗaya ba, sai ya samu abin yi. Da safe ya zura yaro a jaka, ya ɗaɗɗaure, ya ja masa hula, ya bi ta gaban majalisar mahaifinsa yana taku ɗai-ɗai. Dattawa su amsa gaisuwarsa suna kallon takalmansu.

Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ta kira shi gefe.

"Auta, ɗan fari ne fa. Babanku bai taɓa ɗaukar yayanku a gaban mutane ba har ya yi gemu. Kai kuma ka manna naka a ƙirji kana zaga gari kamar mai tallar agogo."

"Inna, a can har shugaban jami'armu da kansa yake goyon ɗansa."

"To, Allah ya shirye shi shi ma."

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo da ƙarfinta, amma Nafi'u bai sauke jaka ba. Ya ce littafin bai ambaci a daina ba. Cikin mako guda kurajen zafi suka feso wa Baffa daga wuya har gadon baya. Inna Tabawa ta shafa masa hoda, ta dubi ɗanta ta ce, "Ka ji ni da kyau. In ka sake dawo mini da maigidana yana kuka daga cikin wannan burgamin, ka gama fita da shi. Jakar kuma akurki za ta, kazata tana neman wurin kwanci."

Nafi'u ya ce ya yarda. A ransa yana cewa ai tsofaffin nan ba su san kimiyya ba.

Ranar da za a kai Baffa allurar rigakafi, Barira ta ɗauko zani za ta goya shi. Nafi'u ya ce a'a, yau ce ranar da za a raba gardama. Ya rataya jaka, ya ɗaure maɗaurai bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya shige gaba, Barira tana biye da mayafinta tana addu'a a zuci.

Zuwa ya yi kyau, don da sassafe ne. Ko allurar ma Baffa ɗan tsaki kawai ya yi. Nafi'u har ya fara shirya abin da zai faɗa wa Inna. Amma a hanyar dawowa rana ta take, iska ta ɗauke ɗif. Gumin uba da na ɗa suka haɗu a cikin gashin tunkiya. Baffa ya fara mutsu-mutsu. Nafi'u ya cire masa hula, ya fifita shi da littafin bayani, ya ƙara sauri.

Ba su kai kasuwa ba hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Ruwan farko na shekara ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Matan da ke hanya kowace ta ja mayafi ta lulluɓe goyonta, ta raɓe a zauren da ya fi kusa, shi ke nan. Jakar Nafi'u kuwa ta shanye ruwa kamar soso, ta yi nauyi, ta manne wa yaro. Baffa ya buɗe baki ya tsandara ihun da har masu shago suka leƙo.

"Ka ciro shi in goya!" in ji Barira.

"Tsaya, akwai yadda ake buɗewa."

Ya buɗe maɗauri na ɗaya, na biyu ya cije. Ya duba littafin, ya tarar shafukan sun manne da juna. Haka suka shigo gida da gudu, ruwa na zuba daga gemun Nafi'u, jaka na ɗiga, Baffa na tsala kuka.

Inna Tabawa ta tarye su. Ta sa hannu biyu ta zaro yaron ta sama kamar mai zare tulu daga gurbi, ta tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, ta goge shi tas. Ta sunkuya, ta cilla shi baya, ta ja wani tsohon zani da ya koɗe har ba a gane launinsa, ta ɗaura, ta ƙara majanyi. Jijjiga uku ta yi. Baffa ya ja ajiyar zuciya, ya kwantar da kunci a bayanta, barci ya kwashe shi.

"Barira," in ji Inna, "in ruwa ya tsaya ki shanya jakar nan, kada kazata ta yi mura."

Nafi'u yana tsaye a tsakar gida yana matse riga. Ya san ya faɗi, amma bakinsa bai yarda ba.

"Inna, kin san jakar nan sai da likitoci suka gwada ta a ƙasashe goma sha biyu? A ƙanƙara, a iska, a komai. Akwai shaida a rubuce. Wannan zanin naki fa, wa ya taɓa gwada shi?"

Inna Tabawa ta gyara majanyi, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"A kanka aka gwada shi, Auta. Shekara biyu na goya ka da shi, rani da damina, sau ɗaya tak ka suɓuce ka bugu da kai. Shekara talatin ina cewa ba abin da ya same ka, sai da na gan ka da wannan jakar."