Tafarnuwar Masu Shiga Kogo

Ba zan taɓa mantawa da shekarar tafarnuwa ba. An yi kamar shekara biyar da daina sule da fam, masu awon sabon birnin tarayya sun cika garin nan da motocinsu, amma ba a kai ga karɓe mana suna ba tukuna, Abuja muke cewa abinmu. Ina goyon autata ke nan.

Ni ban yi boko ba, amma a kasuwarmu ba a yanke farashin kayan miya sai an ji ta bakina. In na jinjina albasa a hannu, zan faɗa maka garin da ta fito da abin da ta ci a mota. Magana ɗaya ce bakina bai iya ba, wato "ban gane ba."

Ƙanin maigidana, Malam Isyaku, ya dawo daga karatu a Ingila, yana koyarwa, yana zaune da mu a unguwar Wambai. Ya zo da wasu 'yan littattafai sirara guda uku. Duk Asabar bayan la'asar sai shi da abokin aikinsa Malam Bitrus su baje su a zaure. Ran nan na kai musu kunun zaƙi, na tarar suna gardama.

Isyaku yana cewa, "Duba nan. Igiya zinariya ɗaya, gora mai tsawon ƙafa goma zinariya ɗaya, tafarnuwa dunƙule guda zinariya huɗu."

Bitrus ya ce, "A nawa littafin shida ce, amma jaki ya fi araha."

Na tsaya da kwano a hannu, na ce, "Wa ke sayen tafarnuwa da zinariya?"

Isyaku ko ɗagowa bai yi ba. "Masu shiga kogo, Yaya. Da ita suke korar masu shan jini. Asabar mai zuwa za su shiga."

A nan ya kamata in ƙara tambaya ɗaya tak. Sai na ce, "Ai na sani," na yi ficewata. (Me na sani? Allah ne shaida, babu.)

Kafin in kai madafa na gama haɗa zancen. Turawan awo ne za su shiga Dutsen Zuma, kowa kuwa ya san dutsen nan da masu shi. Gwamnati ce za ta biya, ita kuma ba ta taya kaya. Isyaku ne dillalinsu, yana ɓoye min don kada in shiga gabansa. Na ce yaro, a gidan nan ka gan ni.

Na sayar da ragon da nake kiwo don layya. Ranar kasuwar Izom na hau mota da goyona, na samu wani Basakkwace, na kwashe tafarnuwarsa kaf, buhu biyu. Ya ce, "Hajiya, magani za ki haɗa?" Na ce ya ɗaure buhu ya bar tambaya. Washegari na taka har Maje na sa aka saro min gora shida, na auna kowace da tafin ƙafata sau goma. Na ƙara da igiya. Mutum ɗaya na gaya wa, Asabe mai daddawa, maƙwabciyar rumfata, na ce ta riƙe a cikinta. Kafin azahar har mahauta suna min barka da kwangila.

Asabar ta zo. Na ɗaura zanen da nake zuwa biki da shi, mai kura yana tura kaya a gaba, Asabe da mata biyar suna biye da ni, wai za su ga zinariya da idonsu. Na yi sallama a zauren gidanmu kamar baƙuwa. Malamai huɗu ne zaune a tabarma, gabansu takarda mai zane-zane da wasu 'yan duwatsu masu lamba a jiki.

Na ce, "Ina Turawan? Ga kaya sun iso. Farashin littafin Bitrus nake so, shida-shida."

Isyaku ya dubi buhunan, ya dubi gorar, ya dube ni. "Yaya, waɗanne Turawa?"

"Masu shiga kogon mana."

Bitrus ya ɗago wata takarda a hankali, ya ce, "Mama, ga nawa mutumin nan."

Isyaku ya ce, "Wasa ne, Yaya. Kamar tatsuniya, sai dai kowa yana da mutuminsa a ciki, ya saya masa kayan tafiya daga jerin da ke littafi. Kogon a baki yake, zinariyar kuma a takarda."

Warin tafarnuwa ya cika zauren. Can Asabe ta ce, "To a yago mata tata takardar mana, ta kai wa maƙeri ya yi mata 'yan kunne."

Mai kura ma sai da ya zauna don dariya.

Ƙafata ta ce in gudu cikin gida, na ƙi. Na gyara goyo, na zauna bakin tabarma, na ce, "Isyaku, karanto min jerin nan duka, littafi bayan littafi." Ya karanta yana share hawaye. A na farko tafarnuwa uku ta fi takobi tsada. A na biyu kuɗin fitila biyu zai sayi jaki. Na uku kuwa ya sa kaza da igiya kuɗi ɗaya. Na ce, "Waɗanda suka rubuta wannan ba su taɓa cefane ba, kuma ba su san juna ba. Ɗauki fensir." Na yanke musu farashin komai, tun daga allura har doki, da na rani da na damina. Da nawa jerin suka ci gaba da wasansu har aka yi wa Bitrus canjin makaranta.

Wannan bai dawo min da rago ba. Wata bakwai ina sayar da tafarnuwa, rabi ta yi tsiro a buhu, sauran muka ci a miya har maigida ya ce ko sauro ya daina shiga ɗakinsa. Tun daga ranar, duk wanda ya zo min da labarin ciniki mai daɗi, sai na ce a nuna min mai sayen tsaye da ƙafafunsa. Na kuma koyi cewa "ban gane ba," ko da yake har yau a hankali nake faɗinta.

Maigida ya rasu, Isyaku ya bi shi, Allah ya jiƙansu. Bitrus na ji yana ƙauyensu, ido ya tafi. Saura ni da Asabe. Ba ta da haƙori ko ɗaya, amma in muka haɗu wajen suna, takan ja ni gefe ta rage murya, ta ce, "Hajiya, Turawan sun fito daga kogon kuwa?"