Rasuwar Agogon Sa'idu, Wanda Aka Ce Wai Akuya Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, yatsana kuma na nuna Isufu mai koya wa samari gudu, ni Gwamma, mai ƙosai a bakin Kasuwar Assihar, nake sanar da mutanen unguwarmu Sersouf da duk wanda ya san mu tun Tasawa cewa agogon ɗana Sa'idu ya riga mu gidan gaskiya. Isufu, kai ka kashe shi. Na faɗa tun farko don kada wani ya karanta rabi ya tashi bai ji ba. Kowa da ranarsa, na sani, amma wani ranar ce ke zo masa, wani kuwa kai shi ake yi.

Marigayin ba irin agogon da ake zubawa a faranti a kasuwa ba ne. Haifaffen ƙasar anasara ne. Wani baƙo da Sa'idu ya yi wa dakon kaya a kan duwatsu ne ya kwance shi daga hannunsa ya ba shi, da ya ji yaron na son gudu. An ce da taurari yake shawara, ya san nisan da mutum ya yi da inda ya juya. Yana da ɗamara da ake ɗaurawa a ƙirji, ita ke kai masa labarin zuciya. Ni ban yi lekkol ba, ban san boko ba, lambobinsa ba su taɓa ce mini komai ba. Amma akwai wata 'yar zuciya baƙa mai ƙiftawa a fuskarsa, wannan kam na iya karatunta.

Mutumin kirki ne, ba ya ƙarya, ba ya jin kunyar kowa. Bai ci namu ba, bai sha namu ba, sai ɗan kuran caji, wato wutar lantarki, da muke roƙa masa a shagon maƙwabci. In yaro na tafiya daidai, sai ya ce "tit" ya yi shiru. In zuciya ta haura, sai ya kama "tit-tit-tit-tit", ba zai rufe baki ba sai Sa'idu ya sassauta ya koma tafiyar ƙafa. Abin da na yi shekaru ina faɗa da babbar murya ba a ji ba, shi da 'yar muryarsa ya sa aka ji.

Wanda ke mamakin tsohuwa na makokin ƙarfe, bari in gaya masa. Uban Sa'idu, Mahamane, Allah ya jiƙansa, lebura ne a wajen gini. Shi jikinsa kawai yake saurare, jikin kuma kullum cewa yake lafiya lau. Ran da ya faɗi da buhun siminti a kafaɗa, da safe ya ci ƙosai har yana tsokanata. Lokotoro ya ce zuciya ce, ya ce kuma irin wannan tana bin jini. Sa'idu ƙirjin ubansa ya ɗauko, ya haɗa da taurin kan.

Game da jinya, marigayin bai yi jinya ba, kuma nan ne maganar take. Isufu ya daɗe ba ya ga maciji da shi. Tsohon soja ne, wai a zamaninsu ba takalmi ma suke gudu. Kullum cewa yake mai gudu numfashinsa zai saurara da tafin ƙafarsa, wai agogo na mai da namiji matsoraci. A gaban kaskona ya sha faɗin haka, bakinsa cike da ƙosaina. Sai ga shi ya kwashi samari zuwa garin Tazrouk, wai su koyi hawan dutse da gudu. Marigayin ya tafi da ransa a hannun ɗana, ya dawo a ƙulle cikin tsumma.

Wai Sa'idu ya cire shi zai yi alwala a bakin garka, akuya ta zo ta same shi. To, na yi kiwon awaki tun Isufu bai yi gemu ba. Akuya na cin leda, tana cin zane a kan igiya, da maɗaurin agogon ta tauna da na yi shiru. Amma maɗaurin na nan sumul, ko sawun haƙori babu. Fuskar ce aka fasa a tsakiya, irin fashin dutse. Ɗamarar ƙirji kuma an yanke ta tas a miƙe. Ni dai ban taɓa ganin akuya da reza ba. Na tambayi launinta, Isufu ya ce ja ce, abokin gudunsu Khamisu ya ce baƙa ce, Sa'idu kuwa ƙasa ya duba.

Shi ma ɗan nawa ban wanke shi ba. Na lura ko ƙwalla bai yi ba. Yanzu cewa yake ya fi jin sauƙi, wai yana jin ƙasa a ƙafarsa, wai numfashi na gaya masa inda zai rage, ba sai inji ya yi masa tsawa ba. Bakin Sa'idu ne, amma maganar Isufu ce, har da inda yake tsayawa ya yi tari. Gaskiya yana dawowa fuska a sake, yana cin tuwon mutum biyu, ban musa ba. Ubansa ma haka yake dawowa.

Marigayin ya bar wayar cajinsa, marainiya, ba ta shiga komai a gidan nan. Ya bar ɗamara yankakkiya, da wani farin zobe a fatar hannun Sa'idu wanda rana ta fara cinyewa. Ya bar ni, ina juya ƙosai kunnena na can wajen busasshen rafin da suke bi, duk yaron da ya taho a guje sai gabana ya faɗi.

An share gawar da busasshen ƙyalle, an naɗe ta cikin farin hankici. Za a rufe ta ran Juma'a bayan la'asar a tsakar gidana, kusa da murhu. Zaman makoki a wajen sana'ata ne, mai gaisuwa ya zo, amma ƙosai ba sadaka ba ne. Takalman gudun Sa'idu suna cikin akwatina na kulle, su ma sun shiga takaba, ba ranar fita.

Ba za a zuba ƙasa ba sai Isufu ya zo ya tsaya gaban Alhaji Mahamadu, babban 'yan Nijar na unguwarmu. In ya ƙi, na san hanyar jandarma. Ba kuɗi nake nema ba, Isufu. Kai ka rufe bakin mai ce wa ɗana tsaya. Ka zo ka faɗa a gaban mutane, ran da jikinsa ya ce masa lafiya lau a can bayan gari inda ba kowa, wa zai tsayar da shi, wa kuma zai amsa mini?