Naɗin Kabejin da Babu Kabeji

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a shekarata ta biyu a Dubai ba. Har yau in ta faɗo min a rai sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Lokacin ina aikin gyaran ɗakuna a wani otal a unguwar Port Saeed. Kullum gyaran gado da wankin banɗaki, har bayana ya fara kai ƙara. Babban burina a mayar da ni kicin ɗin ma'aikata, inda albashi ya ɗan fi kauri. Mai iko da kicin ɗin wata dattijuwa ce 'yar ƙasar Poland, Madam Halina, ga faɗa ga kyauta.

Wata rana ta tarar da ni ina tura biredi da shayi a tsaye, sai ta miƙo min wata roba. "Ki kai gida, abincin garinmu ne," in ji ta. (Sai da na tambaya ko da alade a ciki. Ta harare ni ta ce naman sa ne, khalas, magana ta ƙare.) Sunansa golabki, amma yadda take faɗinsa harshena ya kasa, don haka na raɗa masa naɗin kabeji.

Da na isa gida na buɗe, sai ga shinkafa da niƙaƙƙen nama an naɗe a ganyen kabeji, an dafa cikin miyar tumatir. To ni 'yar Zariya ce, na tashi ina ganin alale a ganye. Na warware shi a hankali, na cinye cikin, na lashe yatsu, na tattara ganyen na zuba a shara. Na san ana cin kabeji mana, amma wannan ya yi laushi ya kwanta, sai na ɗauka ya gama nasa aikin.

Washegari na je godiya, maimakon in tsaya a nan sai bakina ya wuce ni. "Madam, ai mu ma muna da irinsa. Ido rufe zan yi shi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Akwai wadda za ta bar kicin ƙarshen wata. Ki kawo min shi ranar Asabar. In ya yi, zan yi wa manaja maganarki."

Ranar Juma'a ce hutuna, wata kuma ya yi nisa. Na tattara ɗan abin da ya rage min na zuba shi a nama, don a tunanina naman ne zai ci min jarrabawa. Da canjin na sayi kabeji ƙwaya ɗaya. A unguwar Satwa nake zaune, mu shida a ɗaki, murhu ɗaya, kowa da lokacinta. Na kwaɓa shinkafa da nama da albasa, na zuba attarugu yadda zai san ya zo hannun Bahaushiya, sannan na juya kan kabeji.

Babu wanda ya gaya min sai an tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi. Ɗanye na kama ɓarewa. Na farko ya tsage, na biyu ya karye, na uku na samu na cire shi lafiya, ina naɗewa ya ce ƙaras. Kafin in ankara kabejin nan duk ya zama gutsuttsura. Hajara, 'yar Kumasi da ke kwana a gadon samana, ta leƙo.

"Chale, ƙawata, naɗi kike yi ko salak?"

Ban kula ta ba. Ba ni da halin sayen wani, lokacin murhuna kuma yana tafiya. Nan dabara ta zo min, irin wadda nake fata da ta tsaya a hanya: tunda ganyen yar da shi ake yi, kowane ganye ma ai ganye ne. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarmu 'yar Kerala, ta ba ni ganyen ayaba kyauta. Na naɗe tsaf, na ɗaure da zare, na dafa a miyar tumatir. Wallahi har hoto na ɗauka. Gutsuttsuran kabejin kuwa Hajara ta yi kwaɗo da su.

Ranar Asabar da azahar ɗakin cin abincin ya cika, domin babu wanda ban gaya wa ba, har masu gadi. Madam Halina ta buɗe robar, ta ƙura wa abin nan kore shar ido.

"Kabejin Afirka ne wannan?"

Na ɗauka tsokana ce, na washe baki na gyaɗa kai. Ta ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu ta hau yanka da ƙyar. Ni ina ganin buɗewa take yi irin ta Turawa. Sai kawai na ga ta soki guntu, da ganyen da zaren, ta kai baki.

Ta tauna. Ta sake taunawa. Baiwar Allah ba ta son ta kunyata ni a gaban mutane, sai ta dage. Attarugu ya kama ta, fuskarta ta yi jajur, hawaye ya zubo, ta sa yatsu tana jawo zare daga baki, yana ta fitowa ya ƙi ƙarewa.

"Madam, ba a cin ganyen!" na kwatsa ihu.

Ta tofar a tishu, ta sha ruwa. Sannan ta yi tambayar da ta ƙarasa ni: "Wanda na ba ki fa? Ya kika yi da kabejinsa?"

Na nemi ƙarya, ko ɗaya ba ta zo ba. "Na zubar a shara."

Wajen ya ɓarke da dariya, wata 'yar Filipin har da dukan tebur. Madam ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce, "Lokacin da nake yarinya, in gida babu kuɗi, naman ne mahaifiyata take cirewa. Kabejin shi ne abincin."

Dariyar ba ta yi min ciwo kamar wannan maganar ba. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa hannuna.

Gurbin kicin wata aka bai wa. Ni na koma kan gadajena na ƙara wata takwas, kodayake Madam ta riƙa kirana bayan tashi tana koya min tsoma kabeji a ruwan zafi, tana faɗa ina haƙuri.

Tun daga ranar, in aka ajiye min abincin da ban sani ba, hannu nake naɗewa sai mai shi ya fara kai loma. Kwanaki a walimar wata 'yar Sri Lanka na zauna ina jiranta, ashe ita ma ni baƙuwarta take jira in fara. Haka muka yi ta yi wa juna murmushi har abincin ya huce.