Takardar Alhaji Nalado Daga Caina

A layin masu injin ban ruwa na kasuwarmu akwai wani Alhaji Nalado, mutumin da ba ya son a yi masa tambaya ɗaya sau biyu. Bara ya sayi kwamfutar tebur ya girke a shago, saboda ya aika wa wani kamfanin injuna na ƙasar Caina saƙon neman hulɗa, yana jiran amsa. Wata safiya ina zaune a shagon ina shan iskar fanka, sai ga saƙo ya shigo da takarda maƙale a jikinsa, daga wani adireshi mai tarin lambobi da babu wanda ya sani. Alhaji ya danna takardar. Maimakon ta buɗe, sai kwamfutar ta jero masa 'yan hotuna tana tambaya. Na fassara masa da ɗan Turancina cewa so take ta san da wace manhaja za ta buɗe.

Ya ce, "Ni take tambaya? To me na saye ta ta yi?"

Ya zaɓi wata mai hoton ɗan littafi, don ita ta fi yi masa kama da abin karatu. Na nuna masa wurin da in ya danna, kullum da ita za a riƙa buɗewa, ba sauran tambaya. Ya ce ai wannan ya kamata in fara nuna masa. Ya danna.

Allon ya cika maƙil da wani irin rubutu. Ga ƙugiyoyi, ga alamun tambaya a kife, ga 'yan akwatuna jere, babu kalma ɗaya da ɗan Adam zai iya furtawa. Alhaji ya miƙe tsaye.

"Sun amsa! A kira min Tanimu Ɗan Caina!"

Shi Tanimu tocila da batir yake sayarwa a bakin layin. Ya taɓa raka maigidansa Caina ya riƙe masa jaka, kuma tun da ya dawo ko tuwo da tsinke biyu yake ci. Ya shigo, ya nemi a ba shi kujerar Alhaji, ya nemi a kashe fanka don harshen ba ya son hayaniya. Ya ɗora yatsa a kan allon ya fara bi daga ƙasa zuwa sama yana wani gunguni ta hanci.

Can ya ce, "Alhaji, ka ga haruffa biyun nan na can sama, P da K? Pekin ke nan, babban birnin Caina. Wannan ba daga kamfani kawai ta fito ba, sai da ta bi ta fadar gwamnati."

Alhaji ya gyara hula. "Me suka ce?"

"Suna gaishe ka. Suna gaishe da iyali. Sun ce ya aka ji da zafi."

"Alhamdu lillahi. Ci gaba."

"Sun ce sun yi bincike, duk ƙasar nan babu mai riƙon amana kamarka. Saboda haka sun naɗa ka wakilinsu na Afirka ta Yamma gaba ɗaya, har da rabin Chadi."

"Rabi? Ina ɗaya rabin?"

"Nan rubutun ya ɗan cakuɗe. Ina jin suna kan shawara."

Na nuna 'yan akwatunan na tambaye shi su kuma mene ne. Tanimu ya dube ni da tausayi ya ce kwantenoni ne, kowane akwati kwantena ɗaya, alamun tambayar kuma suna son su ji ko Alhaji yana da wurin ajiya. Alhaji ya fara ƙirga akwatunan, ya ja shafin ƙasa ya ga ba su da ranar ƙarewa, sai ya nemi ruwa ya sha.

Kafin azahar an yanka rago. An kira mai fenti ya fara goge allon shago zai rubuta Nalado Intanashinal. Alhaji ya taka da ƙafarsa har shagon babban abokin gasarsa, ya ba shi shawara cikin mutunci da ya fara tunanin wata sana'ar. Sannan ya aika a kira Malama Hurera, mai shagon buga takardu da ke jikin nasa, kan magana biyu: ta buga masa takardar a saka a firem, kuma ta fara neman wani wurin, don zai yi wa mai ginin magana a fasa bangon da ke tsakaninsu, kwantenoni na hanya.

Malama Hurera ta shigo, ta yi masa murna, ta leƙa allon. Ta daɗe tana kallo.

"Alhaji, wa ya ce wa kwamfutar ta buɗe da wannan?"

"Ni. Tambayata ta yi."

"Ai wannan manhajar ba ta san irin wannan takardar ba. Bari in sauya maka zuwa wadda ta dace. In sa ta riƙa buɗewa da ita kullum?"

"Zai fi fitowa da kyau a firem?"

"Sosai."

"To sa mata kullum."

Ta danna gefen dama na linzamin kwamfutar, ta zaɓi manhajar rubutu, ta danna kullum. Ƙugiyoyi suka ɓace, akwatuna suka ɓace. Sai ga Hausa tsantsa, da manyan baƙi. Shagon a cike yake da masu cin nama, Alhaji kuwa bai ɗauko tabaransa ba, ya ce ta karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Ta karanta. Sanarwa ce daga kwamitin unguwarsu Alhaji. Ranar Asabar akwai aikin gayya na yashe kwata kafin damina, kowane magidanci ya fito da shebur. A ƙasa an ƙara da cewa ana roƙon Alhaji Nalado musamman da ya fito da kansa wannan karon, tunda kwatar ƙofar gidansa ce ta toshe layin gaba ɗaya.

Mai fenti da ke kan tsani ya leƙo ya ce ya kai "Intana", ya ƙarasa ko ya dakata. Malama Hurera ta tambaya ko firem mai ruwan zinare za a saka ko baƙi.

Alhaji ya juya a hankali wajen Tanimu, wanda ke zaune a kujerarsa har yanzu, yana fama da haƙarƙarin rago da tsinkensa biyu.

"Tanimu. Ina Pekin? Ina kwantenonina? Ina Afirka ta Yamma da rabin Chadi?"

Tanimu ya haɗiye, ya goge baki, ya ce, "Suna nan a waccan manhajar, Alhaji, ko ɗaya ban taɓa maka ba. A gabana aka tambaye ka da wacce za a riƙa buɗe maka kullum, kai da bakinka ka zaɓi ta kwata."